Lissafi a Bayan Ambulan

Takardar canjin aiki ta zo ran Laraba,
layi uku da hatimi: daga Duwala zuwa Garwa.
Shekara sha ɗaya ina auna jini a ɗaki ɗaya,
yau ga faɗin ƙasa tsakanina da tuwona:
kwana a jirgin ƙasa, wuni a mota,
ga firji, ga keken ɗinkin Tasalla, ga ciwon gwiwar uwa.

A kudu ɗan arewa ake ce mini.
Na sauka tasha, mai shayi ya dube ni sau ɗaya,
ya ce, "Baƙon kudu, da madara ko baƙi?"
Kakana ya bar nan da ƙafa, yana bin shanu,
ni na dawo da jaka ina tambayar hanyar kasuwa.

Cikin gari na fara.
Hamajoda dillali, makullai a hannu kamar carbi,
ya buɗe mini ciki biyu da falo.
"Dubu tamanin. Wata shida a dunƙule."
Na yi murmushin wanda aka taka wa yatsa a sahu.
Ɗari da arba'in nake ɗauka, Hamajoda,
in bango ya cinye fiye da rabi,
da me za a sallami yunwa?

Sai na juya ambulan, na ja layi da biro.
Ngong, haya kamar kyauta,
amma mai kama aiki ƙarfe bakwai
sai ya idar da asuba a bakin kwalta.
Na soke.
Gashiga ta kwanta mini, ga duwatsu, ga iska,
har na tambayi abin hawa in dare ya raba,
don tsohuwata ba ta zaɓar lokacin ciwo.
Wanda na tambaya ya sosa ƙeya, ya shiga gaisuwa.

Pitowa kuwa ran Lahadi na faɗa mata, ban shirya ba,
na ratsa tsakanin albasa da busasshen kifi
ina bin wani yaro da ya ce ya san gida.
Ba silin. Ƙofar banɗaki buhu ne.
Rijiya a tsakiya, darbejiya ta yi mata inuwa.

Mai gidan, Dada Habbi, ba ta tambayi albashina ba.
Ta ce, "Ku nawa ne? Akwai tsoho?"
Na ce akwai.
Ta nuna dokin ƙofa da sandarta: "Ba hawa, ba sauka."
Ta jefa guga da kanta, ta miƙo mini moɗa:
"Kafin ka ji kuɗi, fara jin ruwa."

Dubu ashirin da biyar.
Na ɗora kuɗin babur, zuwa da dawowa,
na ɗora silin, na ɗora ƙofa,
na ɗora zafin Afirilu da ba a rubuta shi da lamba,
duk da haka tamanin na can gaba, ba mu cim mata ba.
An ce araha ba ta ado. To, wa ya zo ado?
Na kira Tasalla, murya na yankewa.
Ba ta tambayi faɗin ɗaki ba.
"Tela nawa ne a layin?"
Na leƙa. Na ce ban ga ko ɗaya ba.
Ta ce, "Kama. Muna zuwa."

Wata huɗu ke nan.
Firjin mun sayar, wuta ba ta da alkawari,
randa ta karɓi aikinsa ba gardama.
Inna ta sami abokiyar ƙorafin gwiwa ta kan katanga,
ɗaya da Hausa, ɗaya da Fillanci, kuma suna ganewa.
Har yanzu wani dare nakan farka ina jiran ruwan Duwala
ya doki kwano. Sai in ji kukan jaki.

Ambulan ɗin tana nan.
Daɓen ɗakin ya ɗan karkace,
Tasalla ta ninke ta huɗu, da lissafina duka,
ta cusa ƙarƙashin ƙafar keke
don ya daina rawa.